Zakin da Luka Ya Kwantar a Bayan Motar Dogo

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar motar Gusau ya san ƙarar keken Luka tun kafin ya hango mai keken. Daga Damba yake gangarowa, gwangwanayen madara suna karo da juna a cikin kwandon da ya ɗaure a baya. Ba madara ba ce a ciki, fenti ne: ja, shuɗi, rawaya, baƙi da fari. Sauran launukan da kuke gani a jikin motoci shi yake haɗa su da tsinke, yana magana shi kaɗai. Zai jingine keken a gindin dalbejiyar da ke bayan rumfar kafintoci, ya tuɓe rigar gida ya rataye, ya sa wata tsohuwar riga wadda ba mai iya faɗin asalin launinta, ya wanke burushinsa da kananzir ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sha koko a tsaye. Ban taɓa ganin ya sha shi a zaune ba. In an kira sallar Juma'a yakan rufe gwangwanayensa ya zauna gadin kayan mutane har a sauko. Ran Lahadi kuwa ko gwamna ne ya kawo mota sai ya jira Litinin, don yana coci.

Haka muka san shi shekara da shekaru. Makon jiya ya bar garin nan. Hannu ya kama rawa, ƙirji ya cika da warin fenti, ya ce ya isa. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko zakara ba, kuma abin ya hana ni sukuni. Garin nan ya shiga wata irin gaggawa tun da arzikin man fetur ya shigo. Kowa na gudu, kowa na danna ham, ba mai tsayawa ya ce wa wani sannu da aiki. Ni dattijo ne cikin 'yan kamashon tasha, a bakin mota na tsufa, kuma ba zan yarda mutum irin wannan ya fita kamar baƙon kwana ɗaya ba. Balle aikin da ya rufe da shi, wanda ya tsaya tsakanin wani bawan Allah da rasa abincinsa. Zan zo kansa.

Luka mutumin kudancin Zariya ne. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi Gusau yana saurayi, yana rubuta lambobi a jikin taragai. Da lambobi suka ishe shi ya koma tashar mota ya kama zanen bayan manyan motoci, irin masu bodin katako da ke kwasar auduga da gyaɗa da mutane gaba ɗaya. Masu zane sun zo sun wuce a gabana. Abin da ya raba Luka da su ƙa'ida ce guda, wadda ta sha jawo masa faɗa: ba ya ɗora burushi a kan mota sai ya bi ta. Sai ya shiga gaba ya zauna kusa da direba, an je an dawo, sannan ya ɗauki alli. Mai mota zai yi ta kumfar baki, yana cewa ga lodi na jira. Luka zai ce, "Alhaji, mota katako ce da ƙarfe. Ni mutumin da ke cikinta nake zanawa, kuma ban san shi ba tukuna."

Ku lura da wani abu. Duk wanda ya zo wurin mai zane, ƙarfi yake so a zana masa. Zaki, giwa, gaggafa, ɗan dambe ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin wanda ya ce a zana masa tsoronsa ko kewarsa ko taushin zuciyarsa ba. Luka ba ya hana mutum ƙarfin da ya roƙa, amma sai ya sa masa ɗayan abin a ciki, wanda bai roƙa ba.

Ku tambayi Jatau, direban hanyar Bunguɗu, wanda bakinsa ya fi injinsa ƙara. Damisa ya ce a zana masa, ta buɗe baki. Luka ya bi shi har Kekun Waje. A hanya Jatau ya tsaya wa wata tsohuwa da ƙwaryar nono, yana daka mata tsawa: "Hau mana, Inna! Kin tsaya kina kallona awa ba ki taɓa ganin mota ba!" Da ta sauka ta fara kwance bakin zani za ta biya, ya ce in ta ƙara ɓata masa lokaci zai zubar da nonon. Ya ja mota bai karɓi komai ba. Haka ya yi ta yi har suka dawo. Da aka yaye tabarmar da ke rufe da zanen, sai ga wani ƙaton bijimi, ƙaho kamar zai huda sama, ya sunkuyar da kai zai yi karo, ga kuma farar balbela tsaye a kan tozonsa hankalinta kwance.

"Baba Luka, ni ka mai da sa?" in ji Jatau. "Damisa nic ce ma! Wanga tsuntsu kuma uban wa ya gayyato shi?"

"Shi ya hau da kansa," in ji Luka. "Na ga bai biya ba, kai kuma ba ka sauke shi ba."

Tasha ta kwashe da dariya. Jatau ya yi rantsuwa sai ya sa an shafe. Yau shekaru ke nan, kullum safe balbelar nan yake fara gogewa da tsumma kafin ya goge gilashi.

Na san akwai malaman da ba sa son zanen abu mai rai, kuma ni kaina babu ko ɗaya a ɗakina. Wannan hukunci na bar wa masu ilminsa. Ni abin da idona ya gani nake ba da shaida a kai, kuma ba zan rage ba don a ji daɗi.

To, ga maganar Dogo.

Dogo tsohon soja ne, cikin waɗanda aka sallama bara. Direba ne tun a can, kuma hannunsa a sitiyari babu na biyunsa. Alhaji Dalhatu, mai motocin dakon auduga, ya ba shi babbar mota. Ba a jima ba aka fara kawo mana ƙara. Dogo ba ya bari a wuce shi. In mota ta biyo bayansa sai ya take, in ta matso ya tare hanya, in ta nace ya matse ta. Karen motarsa, magidanci mai 'ya'ya, ya ajiye aiki ya ce shi bai shirya mutuwa ba. Fasinja suka daina hawa. Ana cikin haka, gab da dutsen Kwatarkwashi, ya matse wata tasi har ta gangara rami. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a kafaɗa.

Muka zauna, mu dattawan tasha. Magana ta tsaya a kan a hana shi lodi. Wanda bai san tasha ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. In Gusau ta hana ka lodi, kafin la'asar Tsafe ta ji, kafin magariba Bunguɗu ta ji, babu mai sake miƙa maka makulli ko na amalanke ne. Dogo kuwa yana da mata, Wasila, da goyo, ga tsohuwarsa a Kekun Waje da ba ta da kowa sai shi, ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Ni ina cikin waɗanda suka ce a hana shi. Har yau ban ga laifin abin da na faɗa ba. Tausayin mutum ɗaya ba ya sa a zuba mutum talatin a rami.

A daidai lokacin motar tana wurin kafintoci an gama yi mata sabon bodi, saura zane. Alhaji Dalhatu ya zo gindin dalbejiya ya tarar da Luka yana rarraba wa kafintoci ragowar fentinsa, don ya riga ya sanar da kowa ya ajiye aiki.

"Guda ɗaya, Luka," in ji Alhaji. "Ka rufe da tawa. Zaki nika so, ya danne mutum da ƙafa, bakinsa da jini. Duk wanda ya biyo ta ya san motar wa yake bi."

Luka ya ɗago hannunsa na dama ya nuna masa yadda yake kaɗawa kamar ganye. Alhaji ya ce ko da ƙafa zai zana ya fi na sauran. Luka ya ce, "Wa zai ja ta?"

"Ban yanke ba tukuna. Dogo dai an gama da shi."

"Makullin yana hannun wa yau?"

"Shina hannunsa, amma..."

"To shi zan bi."

Da maganar ta iso gare mu, muka ce ai ta zo daidai. A ba shi tafiya ɗaya zuwa Tsafe, kaya kawai ban da fasinja, ɗaya daga cikinmu ya bi ya gani da idonsa, sannan a yanke. Ni aka zaɓa.

Da safen da za mu tashi sai ga Rut, matar Luka, ta biyo shi har tasha, ta ɗaure zani a ƙugu. Ba ta ko gaishe mu ba.

"Baban Hannatu, mun ɗaure kaya, mun sallami maƙwabta, yanzu ne za ka shiga motar mahaukaci? Gawarka kake so in kai wa 'yan'uwanka?"

Dogo yana tsaye a jikin ƙofa, ya ji komai. Luka ya ce, "Maman Hannatu, ba a faɗa wa mutum haka a gaban motarsa." Ta harare shi, ta harare ni ma, sannan ta tura masa ƙullin dafaffiyar gyaɗa a aljihu ta juya.

Muka kama hanya da buhunan gishiri, Luka a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Abin da na fara gani ya ba ni mamaki. Muddin hanya babu kowa a baya, ban taɓa shiga motar da ake ja da natsuwa irin wannan ba. Yana kauce wa rami tun daga nesa, yana rage gudu in ya ga awaki, har wani ɗan amo yake yi a maƙogwaro kamar mai waƙa. Muna wuce Kwatarkwashi wata ƙaramar mota ta ɓullo a madubi. Nan take mutumin ya sauya. Wuya ya sandare, gumi ya keto masa a goshi, idonsa ya bar hanya ya koma madubi, ya dawo, ya sake komawa. Ƙafa ta nutse. Buhunan gishiri suka fara tsalle a baya. Na riƙe ƙofa ina salati, ina yi masa tsawa, ko jina bai yi ba. Sai da ƙaramar motar ta ratse wata hanya sannan ya saki numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Duk wannan abu Luka bai kalli hanya ba ko sau ɗaya. Fuskar Dogo yake kallo, yana ɓare gyaɗarsa.

A Tsafe, kafin a gama sauke kaya, muka shiga rumfar Binta mai tuwo. Dogo ya ja benci har jikin bango, ya zauna ya manna bayansa, yana fuskantar ƙofa. Luka ya ɗauki kwanonsa ya je ya zauna kusa da shi. Sai da suka yi nisa da ci sannan ya ce, kamar mai tambayar farashin dawa, "Da can wa yake zama a bayanka?"

Hannun Dogo ya tsaya a cikin kwano. Na ɗauka zai tashi ya fita. Can ya ce, "Sama'ila."

Sai ya ci gaba da kansa.

"Ɗan garin Magami ne. Tare munka shiga soja. Lokacin yaƙi, in an jera motoci, ni ke jan ta ƙarshe. Shi kuma shina zaune a ƙofar baya, ƙafafu na lilo, shina kallon hanyar da munka baro. In ya ƙwanƙwasa bodi sau ɗaya, lafiya lau ke nan. In ya daka da ƙarfi, in taka. Ban taɓa waiwaye ba, Baba. Ban da bukata." Ya goge hannu a wando. "Ran nan bai ƙwanƙwasa ba. Na ce ko barci ya ɗauke shi. Sai da munka isa na sauka na zagayo."

Bai ƙarasa ba, ba mu kuma nema ba. Binta, wadda ke ji daga bakin murhu, ta zo ta ƙara masa miya ba tare da ya roƙa ba.

"Yaya yake kallo?" in ji Luka.

"Wa?"

"Sama'ila. In yana zaune a bayan nan, yaya idonsa yake?"

Dogo ya ɗan yi tunani. "Awa mai jin barci. Ido rabi a rufe. Amma ko ƙadangare ya gitta ya gan shi."

Da muka dawo Gusau na ja Luka gefe na ce masa, "Na ji abin da ka ji, kuma ya taɓa ni. Amma ni zan gaya wa tasha gaskiya: in mota ta biyo yaron nan, ba ya cikin hayyacinsa."

"Gaya musu, Malam Lawali," in ji shi. "Abu ɗaya nake roƙo. Ku jira fenti ya bushe."

Muka jira. Ba don mun yarda da wani abu ba, sai don ba a ƙi roƙon mutumin da bai taɓa roƙon komai ba.

Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In je bakin lodi, in dawo gindin dalbejiya, in sake komawa. Ya kewaye bayan motar da tabarmi, amma ana hango shi ta gefe a kan benci. Alli yana kufce masa. Layin da a da yake ja da numfashi ɗaya, yanzu sai ya ja ya goge, ya ja ya goge. Ya samo karan dawa ya naɗe kansa da tsumma, ya tokara a jikin katako, ya ɗora wuyan hannunsa a kai, da haka ya yi jiki da geza da ƙafafu. Tari ya sha sauke shi daga bencin. Mutane suna zuwa leƙe, kuma ba zanen suke leƙe ba, hannun suke kallo, shi ma ya sani. Ni abin da ke cina biyu ne: kada tsohon nan ya rufe aikinsa da abin kunya, kuma kada duk wahalar nan ta tashi a banza, a wayi gari mu karɓe makullin.

Ido yake bari ƙarshe, haka yake yi kullum. Da ya zo kan ido, karan dawa ya kasa. Wurin ƙarami ne, burushin siriri, hannun kuwa ya ƙi tsayawa. Ya gwada ya goge har katakon ya fara jiƙewa da kananzir. Sai ya leƙo ta saman tabarma ya ce a kira masa Dogo, wanda tun da aka fara aikin yake zaune a kan wata tsohuwar taya can nesa.

"Zo ka riƙe mini nan," in ji Luka, ya miƙa masa wuyan hannu. "Kada ka matse, ba sitiyari ba ne. Ka bi ni kawai. In na yi ba daidai ba ka faɗa, kai ka san shi."

Na ga wannan da idona. Ƙaton hannun nan da ya tura tasi rami, ya tallabi hannun tsoho kamar mai ɗauke da ƙwai. Burushin ya daina rawa. Suna yi suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji Dogo ya ce, "Ƙara sauke fatar idon kaɗan, Baba." Can kuma, "A'a, ba fushi yake ba. Bai iya fushi ba."

Ranar da aka yaye tabarmi tasha ta taru. Zaki ne, babu shakka, ya cika ƙofar bayan nan daga gefe zuwa gefe. Ƙirji kamar turmi, geza baƙa da ja, faratan nan a waje, ko wanne kamar lauje. Amma a kwance yake. Ya miƙe ƙafafun gaba, ya ɗora haɓa a kansu, yana fuskantar duk wanda ya tsaya a bayan motar. Babu jini, babu kowa a ƙarƙashinsa. Idon rabi a rufe, kamar na wanda ya gaji ƙwarai amma ya yi alkawarin ba zai runtsa ba. Duk inda ka matsa yana tare da kai. A sama, inda ake rubuta take, kalma biyu kawai: INA NAN.

"Mi wanga?" in ji Alhaji Dalhatu. "Zaki nic ce ko kyanwar gidan amarya? Ina mutumin da zai danne?"

"Ya ci ya ƙoshi ne, Alhaji," in ji Jatau daga baya. "Irin naku ne, na manya."

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Luka ya ce, "Alhaji, zakin da ya danne mutum ya gama nuna iyakarsa, kuma wanda ke binsa haushi zai ji, ya ce sai ya wuce shi ko ta halin ƙaƙa. Wannan kuwa ƙarfinsa na nan cif, bai kashe shi a kan kowa ba. Dubi faratan. In ka ga kyanwa a nan, kawo fenti in shafe."

Alhaji ya dubi faratan, ya dubi idon, ya gyara hula, bai ce a shafe ba.

Dogo ya fito daga cikin taro. Ya matso ya ɗora tafin hannu a kan katakon ya daɗe. Sannan ya dunƙule yatsu ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ya juya ya zagaya bayan rumfar kafintoci. Wani ya yunƙura zai bi shi, na ce ya zauna.

Zane ba hujja ba ne a wurin dattawan tasha, kuma daidai ne. Muka ce a sake gwaji, wannan karon zuwa Bunguɗu, ni da Jatau a gaba. Mun bar gari ke nan wata sabuwar mota ƙarama ta manne mana a baya, irin ta yaran yanzu, tana ham kamar an yi gobara. Na saci kallon Dogo. Wuyan ya sandare. Gumin ya keto. Na ji injin ya ɗaga murya, na ce a raina shi ke nan, Wasila da tsohuwa sai dai Allah. Muka yi tafiya a haka wadda ban san tsawonta ba. Sai na ga leɓen Dogo ya motsa, ban ji abin da ya ce ba. Ƙafar ta ɗago a hankali. Ya karkata gefe, ya zura hannu ta taga, ya yafito motar ta wuce.

Yaron ya wuce, har da yi mana daƙƙuwa. Jatau ya haye cinyata ya zura kai ta tagata ya bi shi da zagin da ba zan rubuta ba, ya haɗa da kakanninsa. Dogo ya ce, "Bar shi, Jatau, sauri shikai." Motar kuwa tana tafiya daidai. Kafin mu kai Bunguɗu wasu motocin sun wuce mu, kowace sai da ya sha fama, kowace kuma ya ba ta hanya.

Na faɗa wa tasha abin da na gani, kamar yadda na faɗi na farko. Aka mayar masa da lodi: kaya tukuna a hanyar Bunguɗu, fasinja sai an ga hali. Alhaji ya bar masa makulli.

Kada wani ya ce na ce fenti na da asiri. Babu laya a motar nan, babu tofi. Dogo bai warke sarai ba. Har yanzu bango yake nema in zai ci abinci, kuma akwai ranar da Wasila ke aiko cewa ba zai fito ba. Abin da na sani shi ne, mu duka mun kalli mutumin nan mun ga mugunta da taƙama, har muka shirya hukunci. Mutum ɗaya ya shiga ya zauna kusa da shi, ya ga tsoro da kewa, ya fitar da su ya ajiye a inda Dogo zai iya tsayawa ya kalle su da rana tsaka, cikin siffar da ba za ta ba shi kunya a gaban maza ba.

Luka, da kai nake yanzu, ko Hannatu ce za ta karanta maka. Kai ne ka zo garinmu baƙo, addininka daban, harshenka daban, ka zauna ka san zukatan direbobinmu fiye da mu da muka haife su. Kai ne ba ka taɓa zana mutum a ƙarƙashin ƙafar wani ba, ko mai kuɗi ya yi fushi. Kai ne ka miƙa hannunka mai rawa ga wanda gari ke gudu, ka ce ya riƙe. Gwanin Damba, na Rut, mai sa katako ya yi kallo. Motocinka suna kan hanya daga nan har inda ban taɓa zuwa ba, ba sunanka a jikin ko ɗaya.

Ku kuma jama'a, musamman masu sana'a, ba cewa nake kowa ya ɗauki burushi ba. Ana nan ana ta sallamar sojoji, kullum sai sabuwar fuska ta sauka a tasha da akwatin ƙarfe, ido ja, ba magana. Gobe wani zai yi abin da zai sa mu zauna a kansa. Kafin ku yanke wa mutum, wa zai shiga gaba ya zauna kusa da shi a je a dawo? Tela, kafinta, malamin makaranta, mai unguwa, kowa yana da motar da ya kamata ya bi kafin ya ɗauki allinsa. Wannan ba ya bukatar takardar shaida. Zama yake bukata, abin da ya fi komai wuya a zamanin nan.

Dogo ne ya kwashe kayan Luka da Rut. Ya ce in wata mota ta ɗauki Baba, shi ya bar tuƙi. Muka yi shawara muka ba shi izini. Rut ta ce ita sai dai jirgi, aka yi ta fama, daga ƙarshe ta hau ta zauna a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi. Jiya Dogo ya dawo. Ko fakin bai gama ba ya diro ya nufo ni, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"Baba Lawali, ka san abin da tsohon nan ya yi? Barci! Tun daga Kwatarkwashi ya ɗora kai a kafaɗata, har Funtuwa shina minshari. Mama ma ta saki ƙofa wajen Tsafe. A motata, Baba. A motata anka yi barci."

Mun gode, Luka. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta kamar yadda ka hutar.